Na Tafi Yamai Na Sayo Abin da Ya Tona Ni

Tun da na dawo daga Yamai ba a bar ni na sha iska ba. Bakin masallaci tambaya, wurin mai shayi tambaya, har wanzamina ya tsaya da aska a wuyana ya ce sai na gaya mishi ko da gaske na ƙetare iyaka saboda akwati biyu da ba su fi tukunyar miya girma ba. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni. Aji huɗu na yi a elemantare, sauran karatuna a bakin ƙofar ofis na yi shi ina masinja, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarshi.

Sai na fara da Yaya Gado, don in ba dominshi ba da ko Kamba ban kai ba. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana Argungu. Shi ke kaɗa wa masunta ganga daga cikin jirgi ranar bikin kamun kifi, ni kuma duk shekara nakan bar Birnin Kabi na je na zauna bayanshi da kanzagi, 'yar ƙaramar gangar da ke bin babba. Yau shekara goma sha biyu ke nan, wani ma'aikacin rediyo ya ɗauki kiɗanmu a bakin gulbi, ya bar mana kaset guda. Bara waccan hannun Yaya na dama ya shanye. Daga kiɗan shekara arba'in, kaset ɗin nan kaɗai ya rage.

Ni kuwa, tun da gaskiya na zauna rubutawa, babu majalisar da na zauna a unguwarmu Badariya ban faɗa ba cewa ranar nan kanzagina ne ya riƙe kiɗan. Ba wanda ya iya ƙaryata ni, don a ƙaramin rikoda kanzagi ba ya fitowa sam.

Ana nan sai Alhaji Kakale, dillalin albasa a Argungu, ya sayo lasifika biyu, kowace kamar ƙofar rumbu, da amfilifaya mai fitilu ja da kore. Kun san yadda muke gwada lasifika. A zuba shinkafa a kanta, in ta yi tsalle kaya ya yi kyau. Sannan wani ya yi ta tafiya har inda ya daina ji, ya dawo ya faɗi gidan wa ya kai. Ta Kakale ta kai tashar mota. Ya tara jama'a a falonshi na siminti, ya aika anka ɗauko Yaya da kaset ɗinshi, wai girmamawa. Anka saka. Kwanon rufi ya hau kaɗawa, abin da ya fito kuwa sak injin casar shinkafa.

Wani daga baya ya ce, "Ashe wanga shi na kiɗan da anka ishe mu da labari nai?"

Anka yi dariya. Yaya ya ce, "Wanga ba hannuna ba na. Ku maishe ni gida."

Daga ranar bai sake fitowa ƙofar gida ba. Matarshi Inna Hajo ta aiko mini cewa tuwo yadda ta kai haka take ɗaukowa.

Na kai kukana wurin Yohanna, mai gyaran rediyo kusa da kasuwa, mutumin wajen Filato ne amma ya daɗe da mu. Ya ce, "Baba, irin ta Alhaji ta taron siyasa ce. Akwai wadda ma'aikatan rediyo ke aiki da ita a ɗakin ɗaukar murya. Kowace da amfilifayarta a cikinta, kuma ba ta ƙari ba ta ragi. Abin da ke cikin kaset shi za ta faɗa."

Na ce ita nake nema. Ya ce sai Ikko, ko Yamai wurin wani abokinshi Hamani da ke sayar da tsofaffin kayan gidan rediyo. Na zaɓi Yamai, don can in anka zage ni zan gane rabi. Yohanna ya rubuta mini takarda, ya ƙara da cewa, "Amma Baba, ka tabbata kana son jin duk abin da ke ciki?" Na ce mishi ya kula da aikinshi.

Kaset ɗin a ƙarƙashin hulata na sa shi, don aljihu na ɓarawo ne, jaka ta ɗan kamasho ce. Motar da ta ɗauke mu zuwa Kamba direbanta yana da rikoda mai cin kaset kamar akuya da takarda. Kafin Bunza ya cinye biyu. Kowane ya zaro shi da hanji a waje, sai ya miƙa wa na kusa da shi da biro ya ce a naɗe. Da sunka ƙare ya juyo ya ce, "Tsoho, an ce kana da kaset." Wata 'yar Kalgo mai daddawa da ke gefena, wadda na yi kuskuren ba ta labari, ita ta tona. Na ce wa'azi ne kan direbobi masu gudu. Bai ƙara tambaya ba, kuma ya rage wuta har Kamba.

A iyaka namu ba su tsaya dubana ba, sun ga tsoho da buta. Na wancan ɓangaren su ne masu tsari. Wani dogo mai gajeren wando da hula kamar kwanon sha ya dubi takardata, ya dube ni, ya ce hoton ba ya da hula, in cire tawa. Na ce sanyi nake ji. Rana kuwa tana tsaka. Ya tsaya yana jira. Na cire, kaset ya faɗo a kan takalminshi.

Ya ce, "Mine ne a ciki?"

Na ce ganga.

"Ganga kake ɓoyewa a kai?"

Ya kai wa babbansu, sunka saka a rikodansu, sunka saurara har ƙarshe suna jiran inda maganar juyin mulki za ta fara. Ni kuma ina tsaye ina addu'a kada nasu rikodan ya zama ɗan'uwan na direba. Da sunka maido mini, babban ya ce 'yan Najeriya ko abin banza sai sun yi sumogarshi, don kada hannu ya manta. Ban yi musu ba, akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Daga Gaya zuwa Doso zuwa Yamai hanya shimfiɗe take, ba rami, amma kowane gari sai an sauke ku an ƙirga kamar tumaki. A Doso na fara gamuwa da burodinsu. Dogo ne kamar taɓarya, bayanshi kamar ɓawon kuka. Na sa haƙorina guda da nake taƙama da shi, na ji ya yi motsi, na mayar da burodin jaka. Shi na riƙa korar ƙuda da shi har Yamai. Dambunsu na zogale kuwa, wannan ban da abin cewa, ko Inna Hajo sai ta zauna ta koya.

Na sauka gidan wani Bakabe mai masauki da ke karɓar fataken albasa. Ɗakin da ya ba ni rabinshi buhuna ne, har yau rigata in ta ji zafi sai ta tuna. Shi ya nuna mini hanyar shagon Hamani, amma bai gaya mini cewa mutanen Yamai suna rufe gari da azahar ba. Na isa na tarar da kowace ƙofa a garƙame. Na tambayi wani mai gadi wa ya rasu. Ya ce ba kowa, barci ake yi, sai la'asar. Gari guda, da manyan ma'aikata da 'yan kasuwa, kowa ya kwanta da rana tsaka da izinin gwamnati. Mu ma a ofis mun yi irin wannan barcin shekara da shekaru, sai dai mu a zaune muke yi, da fayil a gaba.

Hamani Bazabarme ne, siriri, mai tabarau, Hausarshi tana ɗingishi amma tana isa inda za ta. Ya karanta takardar Yohanna, ya shigar da ni wani ɗaki can ciki. An manne bangon da kwalin ƙwai tun daga ƙasa har sama. Tsakiyar ɗakin kujera guda ɗaya. A gabanta akwatuna shida, biyu-biyu, kowace da wayar wutarta, da maɓallinta a baya, da wani ƙarfe mai haƙarƙari da ya ce nan zafi ke fita.

Na ciro ƙullin shinkafar garin Gulma da na zo da ita, na zuba a kan ta farko.

Ya ce, "Baba, mi kake yi?"

Na ce gwaji.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya kwashe shinkafar ƙwaya-ƙwaya ya zuba mini a hannu. Ya ce in ina son abin da ke motsa shinkafa in sayi faifai. Ya saka kaset, ni kuma na nufi ƙofa.

"Ina za ka kuma?"

"Zan ga iyakar inda muryarta ke kaiwa."

"Ba ta zuwa ko'ina. Kai za ka zo wurinta. Zauna."

Ya ɗauko igiya ya auna daga akwatin hagu zuwa na dama, ya auna daga kowane zuwa kunnena, sai da ukun sunka zo daidai. Ya karkato fuskokinsu suna dubana kamar alƙalai biyu. Ya ce kada su jingina da bango, kada su fi kunne tsawo, kada su gaza shi. Na ce to sauran jama'a fa, ina za su zauna? Ya ce su jira layi. Nan na gane wanda ya ƙirƙiro abin nan. Sai mutanen da ke rufe ƙofa su ci abinci su kaɗai za su yi wa kiɗa kujera ɗaya.

Biyun farko su ne manya, baƙaƙe masu sheƙi, da rami a gaba inda iska ke hurowa. Sunka ɗauki gangar Yaya sunka ba ta ciki, na ji ta a ƙirjina. Daɗi kamar fura da nono. Irin ta Kakale ce amma wadda ta sami tarbiyya. Kanzagi yana can ƙasa, ana jin alamarshi kamar maƙwabci na tari a bayan katanga. Na ce a naɗe mini su. Hamani ya ce ba a auren fari a shagonshi, sai na ji sauran.

Na biyu ƙanana ne, farare. Su kuma ba su da ciki sam, sai baki. Duk wani ƙyas da ƙas sun kawo shi har cikin haƙori, kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Hamani ya ce masu karanta labarai suna son su, don ba harafin da ke ɓuya. Na ce ni ba labarai na zo ji ba, ganga ba ciki ai faranti ce. Kafin kaset ya yi rabi kunnena ya gaji.

Na uku ko kallo ba su ishe ni ba. Masu launin toka, kusurwar ɗaya a ɓantare, an rubuta lamba da fenti a gefe. Ya ce shekarunsu da yawa a ɗakin ɗaukar murya. Ya kunna.

Da fari na ɗauka ba su aiki, don ba abin da ya daki ƙirjina. Sai na ji ruwa yana marin gefen jirgi. Na ji gorunan masunta suna karo da juna. Sai ga Yaya Gado, ba a akwatin hagu ba, ba a na dama ba, a tsakiya, inda babu komai sai kwalin ƙwai. Na ji inda makaɗi ke sauka a fata, na ji yatsun hagunshi suna danne bakin ganga suna saki, abin nan da ke sa ganga ta kira sunan mutum. Tun da hannunshi ya shanye rabona da jin wannan. Na buɗe baki zan yi magana, sai kanzagi ya shigo.

Ya shigo da gudu kamar an koro shi. Ya wuce ganga, ya tsaya jiranta, ta zo ta wuce shi. Sau uku. A na ukun, ƙarara, na ji Yaya ya ja tsaki.

Hamani ya tsayar da kaset. Ya ce, "Mai babbar gangar nan gwani ne, ban taɓa jin irinshi ba. Amma wa ke kaɗa ƙaramar? Kamar akuya ta hau rufin kwano."

Na ce, "Wani ne. Ya rasu."

"Allah ya jiƙanshi."

Na ce amin.

Na sa ya maido da baƙaƙen. Kanzagi ya koma bayan katanga, mutuncina ya dawo. Amma yanzu da kunnena ya san abin da yake nema, sai na tarar yatsun Yaya ma sun tafi tare da shi. Ganga ce mai daɗi, sai dai ta kowa ce. Na ce a koma masu toka. Na tambaya, cikin dabara, ko maɓallin bayan nan zai iya rage marigayin kaɗan, don iyalinshi suna raye. Hamani ya murɗa. Marigayi ya dusashe, bakin makaɗin Yaya ya dusashe da shi.

Ya ce, "Tare suke, Baba. Ko ka ɗauke su duka ko ka bar su duka."

Na daɗe a kujerar nan. Da baƙaƙen zan shiga Argungu a yi mini tafi, shinkafa ma za ta ɗan motsa, ba kuma mai sanin komai. Amma na san abin da Yaya zai ce in ya ji su, don na riga na ji ya faɗa sau ɗaya a falon Kakale. Na ce a ɗaure mini masu toka. Abin da na biya ba zan rubuta ba, don ana karanta wa matata takardu. Hamani ya ba ni igiyar awon kyauta. Ya tambayi irin ɗakin, na ce na ƙasa ne, da tabarmi da buhunan gero. Ya ce ya fi falon siminti sau goma, siminti mayar da magana yake yi kamar ɗan da ba a haifa da kunya ba.

A dawowa mai gajeren wandon nan ya gane ni. Ya sa na cire hula tun kafin gaisuwa. Ya buɗe kwali ya ce ga lasifika, ina amfilifaya? Na ce tana cikin cikinsu. Ya ce a wace mota na ɓoye ta? Na ce ya ɗaga ya ji nauyi. Ya ɗaga, ya ajiye da sauri, ya kira babbansu. Babban ya dubi ɓantararriyar kusurwar, ya dube ni, ya ce a bar tsoho ya wuce, an riga an cuce shi a Yamai, ba sai an ƙara mishi ba.

Na ɗauki Yohanna munka tafi Argungu, kuma gara da na yi haka, don filogin mutanen can ƙafa biyu ne zagayayyu, ba ya shiga bangonmu. Ya yanke ya sa namu. Yaya ba mai zama kujera ba ne, a buzu yake zama, saboda haka munka kife turmi biyu munka ɗora akwatunan, sunka zo daidai kunnenshi. Inna Hajo ta ce in gwajin ya wuce la'asar sai dai mu ci lasifika da miya.

Labari ya riga mu isa. Kakale ya zo da mutanenshi, da shinkafarshi a aljihu. Ya zuba a kan ɗaya, Yohanna ya kunna kaɗan, ko ƙwaya ba ta motsa ba.

Ya ce, "Bawa masinja, har Yamai kat tahi ka sawo muna akwatin sabulu? Da ka hwaɗa mini, da na ba ka kwalin tawa."

Anka yi dariya, irin ta ranar nan. Na auna igiya, na ja buzun Yaya zuwa inda ya kamata. Ya ce shi a bar shi, ya gaji da zama abin kallo. Na ce, "Yaya, sau ɗaya. In ba kai ba ne, ni da kaina zan kai su gulbi."

Ya zauna yana duban ƙasa. Yohanna ya mayar da kaset farko.

Mu da ke jikin bango ba mu ji wani abin kirki ba, kiɗa ne sama-sama. Fuskarshi nake kallo. Da ruwa ya mari jirgi ya ɗaga kai. Da ganga ta shigo ya rufe ido. Can sai yatsun hagunshi sunka fara danne gwiwa suna saki, daidai inda suke yi a kaset.

Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Wanga ni na."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa ina ƙirga abin da ya rage kafin marigayi ya shigo. Ya shigo. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku, tsaki. Yaya ya buɗe ido.

"Bawa."

"Na'am, Yaya."

"Shekara goma sha biyu kana yawo kana hwaɗin kai ka riƙe kiɗan ga. Ni ko ina jiran shaida." Ya juya. "Kakale, kwashe shinkahwarka ka zo ka zamna nan. Ka ji ganga, in ka ƙare ka ji jaki."

Kakale ya zauna da babbar rigarshi a buzu. Ya tashi bai ce komai kan akwatin sabulu ba. Ya dai tsaya gabana ya kama hannuna ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Bayanshi mutum goma sha wani abu sunka zauna, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi sai ya gaida Yaya da hannu biyu, sannan ya nemo ni da ido. Tuwon Inna Hajo bai samu ba sai bayan magariba, amma ta ce Yaya ya cinye ya nemi ƙari.

Yanzu kullum da hantsi yana ƙofar gida, shi ke tsara layi, shi ke riƙe da igiya. Kakale ya aiko a asirce yana neman takarda zuwa wurin Hamani. Na ce a gaya mishi sai ya fara rushe falon.

To ku mutanen Badariya masu tambaya, kun ji abin da na sayo. Buzun yana Argungu, ba a hana kowa, ku je ku ji abin da kunka daɗe kuna zargi. Ni ma kowace Asabar ina can, don Yaya ya sa an ciro kanzagin daga rumbu an sake mishi fata. Yana kaɗa gwiwa da hagu, ni ina bi, da furfurata, Inna Hajo tana dariya a madafa. Asabar da ta wuce sau biyu kawai ya ja tsaki.